Mukayyaf Ɗin Da Ba Na Sayarwa

Na yi ciniki iri-iri a Riyadh, wasu na ci, wasu suka ci ni, yawancinsu ma na manta. Amma wanda na yi a garin Hufuf wani lokacin sanyi, ko tsufa ya kwashe mini tunani ba na jin zai tafi da shi.

Sana'ata sayen tsofaffin mukayyaf, wato na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ake zurawa a ramin bango. In wanke, in gyara, in sayar. Shagon da sunan kafili yake, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini, amma gumin nawa ne. Sirrin sana'ar ɗaya ne: ka sayi kaya da sanyi, lokacin da mai shi yake ganin ƙarfe ne ya tare masa wuri, ka sayar da zafi, lokacin da mutum zai iya ba ka har hularsa.

Matata kuwa shekararta uku da zuwa, in ban da Umra ba ta taɓa fita daga Riyadh ba. Wata rana tana zuba mini shayi a ɗakinmu na unguwar Badi'a ta ce, "Alhaji, takardar iƙamar nan da ka yi mini, ta ƙasar ce ko ta ɗakin nan?" Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na yi mata alkawarin kwana biyu a Hufuf, ni da ita. Sharaɗinta ɗaya ne: ba zancen kasuwa. Na ce an gama.

Abin da ban gaya mata ba, wani dattijo Balarabe mai gidan saukar baƙi a can zai canza mukayyaf ɗin gidansa gaba ɗaya, kuma mun riga mun daidaita ta waya. Har ya ce in na zo, ɗaki kyauta. Na ga banza ta faɗi. Na shirya da direban babbar mota, ɗan garinmu, ya je ya kwaso kayan muna wajen yawo. Na ja masa kunne: "Duka za ka kwashe, kada ka bar ko ɗaya. Ka san halina." Ya sani kuwa, don na taɓa mayar da shi har garin Kharj saboda guda ɗaya.

Ranar Alhamis muka hau jirgin ƙasa, da soyayyar kazarmu da filas ɗin shayi. Tun daga tasha ta manna fuska a taga, duk raƙumin da muka wuce sai ta taɓa ni. Muka ajiye jaka a masauki muka nufi Dutsen Ƙara. A waje iska na yanka, cikin kogon dutsen kuwa ɗumi kamar an rufa maka bargo. Ta sayi ɗan tulu wajen maginan tukwane, muka ci dabino. Wayata na ta motsi a aljihu. Sau uku ina cewa zan je in sabunta alwala.

"Alhaji, yau lafiyar cikinka kuwa?"

"Sanyi ne, Hajiya."

Dab da magariba muka koma. Ina buɗe ƙofa iska ta mare mu. A bango, inda mukayyaf yake da safe, ga rami mai kusurwa huɗu, ana hango bishiyoyin dabino, har da tantabara zaune a ciki. Wanda bai sani ba, irin wannan na'ura ita ce kuma ke ba da ɗumi lokacin sanyi.

"Innalillahi! Alhaji, ɓarayi!"

Kafin in haɗa ƙarya sai ga dattijon nan da fara'arsa, ya miƙo mini ledar kusoshi. "Khalas ya Hajji, direbanka ya kwashe mukayyaf, kullu tamam!" Larabcinta ba yawa, amma matar dillalin mukayyaf ba ta buƙatar tafinta a nan. Ta dubi ledar, ta dubi ramin, ta dube ni.

"Wato rakiyar ƙarfe na yi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye tulunta, ta zauna a bakin gado da abayarta. Da faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Na gaya mata komai, har da ɗakin kyauta. Dattijon ya kawo kwali da barguna, don duk ɗakunan ramuka ne, sababbin ba su iso ba. Na kalli kwalin nan, na ga in na toshe ramin da shi, ba za ta ƙara yarda da alkawarina ba. Na kira direba.

"Juyo."

"Haba Alhaji, na yi nisa fa! Kai ka ce duka!"

"Duka ban da na Hajiya."

Ana kiran isha'i ya iso yana ƙunƙuni. Ni na ɗauko na'urar a kafaɗa, na hau da ita bene, na ɗaura. Da iska mai ɗumi ta fara fitowa, sai Hajiya ta miƙo hannu. Na zata sulhu ne, ashe waya take nufi. Ranar Juma'a duk wanda ya kira, ita ke ɗauka: "Alhaji yana hutu." Muka zaga gonakin dabino da tsohuwar kasuwa, kuma abin mamaki, shagona bai rushe ba.

Da za mu tafi ta nuna mukayyaf ɗin ta ce, "Wannan nawa ne." Yana ɗakinmu har yau, yana ƙara kamar injin markaɗe. An sha taya shi da zafi, na ce sai a tambayi mai shi.

Abin da na koya, kaya ake haɗawa a mota ɗaya don a rage tsada, ba alkawari ba. In ka ce wa iyalinka rana tasu ce, to ka bar musu ita duka, kada ka cire ko kusa ɗaya.