Jifan da Na Karkatar da Gangan

Ni ɗan Tudun Wada ne a Zariya, kuma kafin a san ni da zamba, sana'ata wasan kurket ce. A makarantar kwana na koya. Aikina jifa: in rugo da gudu in wurga ƙwallo, in nemi sandunan da ke bayan mai bugu. Ina shekara ashirin da biyu wata ƙungiya a Legas ta ɗauke ni, har muka riƙa fita ƙasashen waje.

Shekarun farko sun yi daɗi. Na tsakiyar ne suka kayar da ni. Da na doshi talatin ƙarfin jifana ya ragu, ga sababbin jini suna tasowa. Ba a sallame ni ba, amma an daina ɗokina. In muka samu hutu na dawo gida, babu wanda zan yi wa zancen. A majalisarmu hirar ƙwallon ƙafa ake yi. Na taɓa ba su labarin ranar da na fitar da masu bugu biyar daga wasa, wani ya ce, "To kai ƙwallo nawa ka ci?" Aka kwashe da dariya. Inna kuwa in an tambaye ta aikina sai ta ce, "Wasan sanda yake yi a Ikko." Da safe ni kaɗai nake zuwa wani fili wajen unguwar Kongo, in kafa sanduna, in jefa, in taka in ɗauko da kaina.

Ana haka wani mutum ya fara kirana a waya. Ya ce ya gan ni a wata gasa, jifana ya burge shi. Wata uku muna hira bai nemi komai ba, ni kuwa har ɗokin kiransa nake yi. Daga baya ya fara tambayar wa zai buga, wa ke jinya. Ina faɗa, yana turo min na shan ruwa. Rannan ya ce, "Jifanka na uku gobe, karkatar da shi gefe. Wa zai cutu?" Na san 'yan caca yake yi wa aiki. Na karkatar.

Emeka, mai tsaron bayan sanduna, wanda muka yi shekara shida ɗaki ɗaya, ya same ni bayan wasa. Ya ce, "Hannunka bai taɓa kaucewa haka ba." Na ce gumi ne. Sau huɗu na maimaita karkatar da jifan kafin a binciki wayata. Aka haramta min wasa har abada. Lambar mutumin ta daina shiga, Emeka ma bai ƙara ɗaga kirana ba.

Na dawo Tudun Wada ban gaya wa kowa ba. Na ce hutu aka ba ni. Sai maƙwabcinmu Malam Habu tela ya tare ni a ƙofar shagonsa ya ce, "Kai da kake shiga jirgi, ba za ka sama min hanyar fita waje ba? Ɗinkin nan ya daina riƙe gida." Maimakon in faɗa masa gaskiya, na ce ya bar min komai. Na ɗauko tsohuwar takardar ƙungiya na sa aka kwaikwaya, aka rubuta cewa shi ne mai kula da kayan 'yan wasa. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa ya kawo min kuɗin. Bayansa na yi wa wasu ma. A ofishin biza aka tsare shi, ya kwana biyu a hannu kafin a zo kaina.

A kotu bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ranka ya daɗe, ni na ɗinka masa kayan da ya fara zuwa Legas da su." Aka yanke min shekara uku a gidan yari. Inna ta zo sau biyu, sannan ƙafa ta hana ta. Ranar ziyara nakan zauna ina jin ana kiran sunayen mutane har a gama.

Da na fito na nemi Malam Habu. Na same shi a unguwar Gyallesu yana ɗinki a keken wani. Na durƙusa a gabansa. Bai tsayar da keken ba ya ce, "Na yafe maka don Allah. Amma kada ka ƙara zuwa." Na tuba ga Ubangijina, yanzu gadi nake yi a wata makaranta, ina ci da gumina.

Matasa, musamman ku 'yan wasa, akwai lokacin da tafi zai ragu, waya ta yi shiru. Wannan ba abin kunya ba ne, kowa sai ya je can. Baƙon da ya zo da yabo a lokacin, ku bincika me yake so, ku sanar da shugabanninku tun kiran farko. In kun yi kuskure ku faɗa a gida tun yana ɗaya. Kada ku bari sai kun durƙusa gaban wanda kuka cuta kuna laluben kalmar da za ku fara da ita.