Hannun da ke Goshin Kamyo

Ina ƙarama a Urafane, shekarar da hatsi ya ƙone a tsaye, kakarmu Iya Dije takan hura wutar kara bayan magariba, mu zagaye ta ko an ci tuwo ko ba a ci ba. Sai ta ce tatsuniya ta iso, mu matsa mata. Mu ce ta zauna mu ji.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsattsewa. Wai hadari bai san sunan gari ba. Tsattsewa ce ke tsoma wutsiya a laka, ta ja zane a jikin kowane rumbu, kai mai kauri, ƙarshe siriri. In hadari ya taso ya ga hannunta, sai ya zuba. Wata shekara tabki ya ƙafe, ba laka. Mutane suka ɗauki gawayi suka yi nasu zanen, miƙaƙƙe tsaf. Hadari ya zo, ya duba, ya wuce.

Na ce, "Iya, sai me ya faru?"

Ta ce, "Sai barci, uwar tambaya. Haka aka ba ni ita, ban rage komai ba."

Yau ina aure a Gidan Amumune, ga goyo, fari kuma ya dawo. Lakwal ɗina, ɗan bokon da na yi, bai kai ga haɗa baƙi ba. Maigidana Sani ya tafi neman aiki Najeriya cikin wata kamyo, babbar motar kaya mai zuwa ranar kasuwa, ya ce direbanta zai riƙa kawo mini garin rogo. Mu mata ba sunan mota muke karantawa ba, hannun mai fenti muka sani. Ita wannan da burushi aka rubuta goshinta, ja, baƙaƙen sun karkace kamar masu sauri, na ƙarshe ya ja doguwar jela inda fenti ya ƙare wa burushin.

Sai soji suka karɓi manyan motoci don jigilar hatsin taimako. Aka shafe goshinsu, aka buga musu baƙaƙe iri ɗaya ta faranti mai huji. Kasuwa bayan kasuwa ina tsaye bakin hanya da ɗiyata Hadiza a bayana, ina neman jan rubutu. Ashe motar tana tsayawa gabana. Daga baya maƙwabciyata Hajo ta ce direban ya yi ta cigiyar matar Sani har ya gaji, yanzu an maida shi hanyar Damagaram.

Da ina yarinya haushin hadari nake ji, ina cewa ai da ya tambaya. Ni ma ban tambaya ba, don ban taɓa zaton abin da ido ya sani zai canza ba. Nono yana janyewa, Hadiza ta rage kuka, wannan shirun nata shi ya fi ba ni tsoro. Gobe kasuwa. Zan je in tsaya, ban san me zan duba ba.