Wuƙaƙen Gelindo a Ɗakin Baƙina

Ƙanena Gelindo ya haura shekara saba'in, amma har yau in ya ga tsohuwar wuƙa mai maɓalli sai ya kai hannu ya danna ta. Ni ce babba, ni na raine shi, kuma tun yana rarrafe nake fama da shi.

A garinmu Maniago wuƙa ba ta burge kowa, don babu gidan da bai ci abinci da ita ba. Babanmu a gaban dutsen washi ya ƙare rayuwarsa, a wata 'yar masana'anta da ke bakin rafi. Mama kuwa har gida ake kawo mata wuƙaƙe cikin kwando, ta zauna a teburin kicin tana ɗaura musu ƙotar ƙaho. Siraran nan ne, waɗanda da ka danna maɓalli sai bakin ya fito fat. A lokacin Amurkawa ke kwasarsu kamar me, kafin gwamnatinsu ta hana. Abin da ni nake tunawa shi ne ƙaurin ƙaho in ana goge shi, da ƙurar ƙarfe har cikin polenta, tuwon masarar da muke ci. Da na samu aikin koyarwa a firamare ban sake waiwayar sana'ar ba.

Shi ma Gelindo bai taɓa ƙera ko allura ba. Direban bas ne, daga Maniago zuwa Pordenone ya dawo, har furfura ta cika masa kai. Sai da ya ajiye aiki cutar son wuƙa ta kama shi. Ya tsinci wata wuƙa a kwandon Mama bayan rasuwarta, ya goge, ya sa mata mai, ya danna, ta buɗe. Shi ke nan. Daga nan ya shiga bin gidajen tsofaffi da kasuwannin kayan gwanjo. Ya kori keken ɗinkin matarsa Onelia daga ƙaramin ɗaki, ya kafa kabad mai gilashi, ya shimfiɗa jan ƙyalle. Duk wadda ya samo mai ƙotar ƙaho sai ya kawo min ita har gida.

"Yaya Nives, dubi nan. Hannun Mama ne wannan."

"Gelindo, duk matan layinmu irin wannan aikin suka yi. Ta ina ka gane?"

"Ke ba ki da ido ne."

Shi da aka yi wa aikin yanar ido har sau biyu!

Dokar ƙasarmu kan irin waɗannan wuƙaƙe kuma ba ɓoyayyiya ba ce, ya ma fi lauya haddace ta. Ka ajiye a gida, ka sanar da jandarmomi abin da ka ajiye, kada ka kuskura ka fita da ita a aljihu. Ya cika sharaɗi biyu na farko tsaf. Na ukun ne yake ci masa rai. Duk safiya a shagon kofi na dandali sai ya yi wa mutane huɗuba: wai wuƙar da Onelia ke yanka burodi ta fi kowacce tasa tsawo da kaifi, wai waɗanda suka rubuta dokar fim suka kalla suka tsorata, wai garin da ya ƙera abu ya ciyar da 'ya'yansa da shi ba zai koma jin kunyarsa ba. Abokansa tun suna amsawa har suka koma karanta jarida in ya fara.

Wata bazara, bayan aikin idon na biyu, likita ya hana shi tuƙi na ɗan lokaci. Sai ga shi da fara'a, wai ya ga yadda gwiwata ke damuna, mu tsallaka Ostiriya, a Villach akwai ruwan zafi mai magani, shi zai biya. Na ji daɗi har na sayi sabon tawul. Na ja motata, yana gefe yana gyara min tuƙi tun daga ƙofar gida.

"Canja giya, Yaya. Injin yana kuka."

"Bar shi ya yi kukan, ni ma saura kaɗan."

Da muka shiga Villach ya ce in karya dama, in sake karyawa, sai ga mu a ƙofar wani gida mai furanni a taga. Babu ruwan zafi, babu dalilinsa. Wata dattijuwa ce mai suna Gertraud, mijinta ya rasu ya bar mata kwalin takalmi cike da wuƙaƙen garinmu da ya saya tun yana saurayi. Ashe sun daɗe suna waya da Gelindo. Na zauna a falonta da tawul a cinya, ina cin kek ɗin da ban nema ba, shi kuma yana durƙushe kan kafet yana danna su ɗaya bayan ɗaya, fat, fat, idonsa har da ƙwalla. Matar murna take ta rabu da su. Na fahimce ta sarai, ko da yake ba na jin yarenta.

A mota na ce masa, "Ka san abin da kake yi kuwa? Za ka tsallaka iyaka da wannan kwalin?"

"Yana but ɗin mota a rufe. Gobe da safe zan je in sanar. Ni za ki koya wa doka?"

Mun tsallako iyaka mun wuce Tarvisio kaɗan yunwa ta kama shi, muka tsaya a wurin hutawar matafiya. Onelia ta ƙunso mana burodi da cuku. Muka zauna a benci. Ga motar jandarmomi nan a fake, ba nisa, biyu suna tsaye suna shan kofi. Ina kwance ƙullin cuku sai na ji fat a gefena. Ashe ya zare guda ɗaya daga kwalin ya sa a aljihun kwat, wai ba zai iya barinta ita kaɗai a duhu ba. Kuma da ita zai yanka cuku.

Ɗaya daga cikin jandarmomin mace ce, daga harshenta ka san 'yar kudu ce. Ta ajiye kofinta ta tako a hankali.

"Baba, ajiye wannan a kan benci, don Allah."

Da ya ajiye ya ba da haƙuri, wataƙila da abin bai yi nisa haka ba. Amma ina! Gelindo ya ga sabon kunnen da bai taɓa jin huɗubarsa ba.

"'Yata, kin san mene ne wannan? Wannan ta girmi babanki. Dubi ƙahon. Uwata ce ta ɗaura shi da hannunta."

"Allah ya ji ƙanta. Ajiye dai."

"Cuku nake yankawa! Ko cukun ne ya kai ƙara?"

Na taka masa ƙafa. Ya ce, "Yaya, kin taka ni." Da ta tambaye shi ko akwai wasu, sai ƙanena, da bakinsa, da alfahari, ya ce, "Wannan ai ba komai ba ce, zo ki ga na but."

But ɗin motata. Ni da na koyar da rabin garin Maniago karatu, ni da ko tarar fakin ba a taɓa yi min ba, na wuni a ofishin jandarmomi ina rantsuwa cewa ruwan zafi aka ce min. Sai da na zaro tawul na nuna musu, da tambarin kuɗinsa a jiki. Ni dai an sake ni ba laifi. Shi kuwa aka riƙe kwalin, aka buɗe masa shari'a. Duk hanyar gida bai sake gyara min tuƙi ba.

Shari'ar ta ja, ta ƙare da tara da jan kunne, wuƙaƙen Gertraud kuma suka tafi ke nan. Wanda ya fi zafi shi ne umarnin da ya biyo baya: an hana shi ajiye makami a gidansa. Suka zo da rana tsaka suka kwashe na kabad kaf, cikin ladabi, har suna yaba yadda ya kula da su. Aka ce yana da wa'adi ya miƙa su ga wani mai izini wanda ba gida ɗaya suke ba, in ba haka ba a lalata su.

Abokan kofi duk suka zame. Wannan ya ce matarsa ba za ta yarda ba, wancan ya ce jikoki na zuwa. Sai ga Onelia a kicin ɗina.

"Nives, mutumin nan ba ya cin abinci. Na yi masa frico, soyayyen cukun nan da yake so, ya ture."

"Yunwa za ta koya masa hankali."

"Ke kaɗai kika rage."

"Ni? Allah ya kiyaye! Na gudu daga wuƙa tun ina budurwa, ba a kan tsufana za ta biyo ni gida ba."

Na faɗa da gaske. Amma ranar Lahadi bayan coci na leƙa, na tarar da shi a ƙaramin ɗakin, sanye da rigar barci da rana, yana goge gilashin kabad ɗin da babu komai a ciki. Bai roƙe ni ba. Da ya roƙa da na ji daɗin ƙi. Ya dai ce, "Ta kwandon Mama tana cikin waɗanda za a lalata. Wannan kam ba ki da gardama a kanta." Kuma ba ni da ita.

Ba zan ba da labarin zirga-zirgar neman izini ba, don hawan jinina. Abu ɗaya kawai: sai da aka tura ni wajen likita ya tabbatar ba ni da taɓin hankali. Ya duba ni ya ce lafiyata lau. Na ce masa, "Likita, sake dubawa. Mai hankali ba zai zo wannan layin ba."

Yanzu kabad ɗin yana ɗakin baƙina, a kulle, mukullin yana wuyana. A idon hukuma ni ce mai wuƙaƙen. Onelia ta maida kekenta ɗakinsa ta kuma yi wa bangon sabon fenti, na lura har ƙiba ta yi. Gelindo kuwa kullum da hantsi yana ƙofata da 'yar kwalbar mai da tsumma. Ina buɗe masa, in zauna a kujera ina kallo, in ya gama in laluba aljihunsa kafin ya fita. Yana ƙorafi wai na fi jandarmomi tsanani. Kuma tunda aikin ba ya ƙarewa sai an kusa cin abincin rana, to a gidana yake ci.

Makon jiya ina wanke gashi aka buga ƙararrawa. Na buɗe da kumfa a kai, na ga Gelindo da wasu Jamusawa manya-manya su huɗu, kowa da kyamara a wuya, suna min murmushi.

"Yaya, masu tara wuƙaƙe ne irina. Na ce musu ke ce mai kayan." Ya leƙa kicin ta bayan kafaɗata. "Polentar za ta ishe mu kuwa?"

Ba ta isa ba. Sai da na sake ɗora tukunya.