Sunan Baba a Fayil ɗin Farawa

Wata Asabar a ƙarshen 2014, sati uku da gudowarmu Jimeta daga Mubi ba tare da Baba ba, na lalata kwamfutar da mutanen unguwarmu suka dogara da ita. Shekarata goma sha uku. Gidan Goggo a Nassarawo ya cika har madafa, yara na carafke a bakin rijiya, ni kuwa ina gama wanke-wanke sai gindin mangwaro, inda ɗan Goggo, Hamma Iliya, ke ajiye tsohuwar kwamfutarsa. A cikinta yake tara sunayen waɗanda suka iso sansanonin 'yan gudun hijira da rai. Ba ta da kwalliya, baƙar taga ce kawai ake rubuta mata umarni, kuma ya koya mini nemo wa mutane 'yan uwansu in ya koma makaranta Sangere.

Na gaji da buga sunan Baba da hannu kullum. Hamma ya taɓa nuna mini wani fayil, .bashrc, ya ce duk abin da aka rubuta a ciki tagar za ta aikata da zarar an buɗe ta. Sai na rubuta layin neman sunan Baba a ƙasa. Da yake ni 'yar gidan da ake dukan wanda ya bar ƙofa a buɗe ce, na ƙara da exit, umarnin da muke rufe aiki da shi. A ganina na nuna tarbiyya.

Ina buɗe tagar ta rufe. Na sake, ta sake rufewa. Ga mata a layi, ga wani dattijo daga Michika riƙe da takardar sunayen 'ya'yansa, ga sababbin sunayen da aka kawo da safe ban duba ba. Na tabbata sunan Baba na ciki, kuma ni na goge shi da hannuna. Ban ko sa takalmi ba na rungumi kwamfutar na tare keke zuwa wurin Hamma a Sangere, ina kuka har muka haye gada.

Hamma ya buɗe fayil ɗin ta wata hanya, ya duba ƙarshensa, ya girgiza kai. "Rahila, kin rufe ƙofa tun baƙo bai shiga ba," in ji shi. Ya goge kalma ɗaya tak. Ya karanta layin da ke sama, na neman Baba, ya bar shi. Tagar ta buɗe, ta nemi Baba, ba ta kawo komai ba.

Yanzu shirya wa ma'aikata irin wannan fayil shi ne aikina a Jimeta, kuma ban sake wancan kuskure ba. Sansanonin sun watse, jerin sunayen ya daina ƙaruwa tuntuni, Mama ma ta daina tambaya. Amma layin nan yana cikin kwamfutata har yau. Kullum da safe sai ta nemi Baba kafin ta bar ni in fara aiki.