Umrar Tafintan Lurwanu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, da hantsi, Allah ya karɓi ran ƙanena, ɗan baffana, Kyaftin Lurwanu Mahadi, a gidan mahaifiyarsa da ke unguwar Tandabawi a Makka. An sallace shi a Harami bayan la'asar. Ni ne Badamasi, wanda ya shekara goma sha biyar yana tura shi a keken guragu.

Lurwanu, a lungunmu aka haife ka. Kana ɗan shekara goma sha biyu mahaifinka ya tafi da kai Kanada, can ka shiga soja har ka zama hafsa. A 2009 nakiya ta tashi da motarku a Kandahar. Da likitocin Kanada suka gama nasu, Inna Maryama ta ce a kawo mata ɗanta. Aka kawo ka babu ƙafar hagu, kunne ɗaya a toshe, Hausarka duk ta karkace muna yi maka dariya. Ita ta yi jinyarka da kunun gyaɗa da zamzam. Ni kuwa sana'ata tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa, sai ka faɗo a rabona.

Da ka samu ƙarfi, kai ka zama likitan marasa takarda. Matan unguwar Nakkasa masu tsoron asibiti gare ka suke kawo 'ya'yansu, ka wanke miki, ka ɗaure, ka bi su da dabino. Amma duk sanda aka kira sallar gawa a Harami, sai in ga ka runtse ido ka sunkuyar da kai.

Shekarar farko ka ce in kai ka Tan'im, inda mu mutanen Makka muke ɗaura haramin umra. A cikin mota ka fara ba ni labarin tafintanku, mutumin Kandahar. Da ya ji kai ɗan Makka ne, sai ya riƙe hannunka yana hawaye, ya ce wata rana ka kai shi ya ga Ka'aba. Ranar nakiyar yana azumi, ka ba shi kujerarka ta wajen iska, a kanta ya rasu.

Ka ce, "Yaya, ina jin salatinsa a bayana, na kasa juyawa. Har yau ina ji."

Na ce, "Halas, ya wuce. Bar zancen nan."

Wallahi tsoro na ji kada 'yan motar su gane ka yi yaƙi a ƙasar Musulmi cikin kakin Turawa. Ba ka sake tada mini maganar ba. Kowace shekara dai sai ka yi masa umra, in za ka ɗaura niyya ka sunkuya ka ambaci sunansa a hankali, ni kuma in duƙa ina taɓa tayar keke kamar akwai abin gyara.

Mako guda kafin ka tafi, ciwon ya ci ƙarfinka, ka kama rigata.

"Yaya, za ka ci gaba da yi masa umra?"

"Zan yi."

"To ka riƙe sunansa. Sunansa..."

"Haba! Ka faɗa mini a Tan'im in ka warke."

Na ga kamar in na karɓi sunan na yarda za ka mutu ke nan. Ka dube ni, ka saki rigar.

Na tambayi Inna, ba ta sani ba. Na kira 'yarka Rawan a Kanada, ta ce ba ka taɓa faɗa mata ba. Na zazzage takardunka kaf, babu. Malaminmu ya ce niyya a zuci take, Allah ya san bawansa, kuma na yarda. Duk da haka jiya a Tan'im, da na zo wurin ambaton suna, bakina ya tsaya a buɗe. A tsakanin Safa da Marwa na ji wani yana salati a bayana, na kasa juyawa.

Allah ya jiƙanka, Lurwanu, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, ya yalwata kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Maryama da Rawan da dangi na nan da na Kanada. Allah ya ba mu haƙuri. Ya Allah, ka jiƙan mutumin Kandahar, ka haɗa su a Aljanna. Kai ka san sunansa. Ni sau biyu aka miƙo mini, na ƙi karɓa.