Yaya Ɗahiru, Wanda Safiya Ta Tona Wa Asiri

Watan Safar ɗin nan ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana Ɗahiru, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk shekara idan watan ya kama, nakan dafa shinkafa in aika masallacin tsohuwar unguwarmu ta Ammariyya, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya ƙi. Na juya maganar nan a raina har ta fara hana ni cin abinci. Wanda zai ce na tona asirin mamaci, ya je ya faɗa. Ɗansa Muntasir ya hau hanyar da ta kashe uban, ni kuma ba ni da wani ƙarfi sai bakina.

Mu Hausawan Sudan ne, daga wajen Sinnar. Muna yara mahaifinmu ya kawo mu Jidda. Yaya Ɗahiru ya girma ya samu aiki a wani ɗakin sanyi a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, inda ake lodin kaji da kifi a manyan motoci. Aikin dare ne, shekara da shekaru, ya shiga bayan isha'i ya fito gari na wayewa, yatsunsa sun ƙage don sanyi. Mutum ne mai barkwanci. Babu gidan da bai gyara wa fanka ko famfo ba a lungunmu, kuma idan aka ce nawa ne, sai ya ce a ba shi ƙanzon tukunya. Ni "Uwar tsiwa" yake kirana, tun ina yawo ba takalmi har na yi 'ya'ya.

Kuma yana shan giya. Na faɗa, ban yi tuntuɓen harshe ba. Haramun ce, ya sani, na sani, ban zo halatta abin da Allah ya haramta ba.

Kowa ya san babu mashaya a Jidda. Abin da ake da shi a lokacin wani ɗaki ne a bayan wani sito na tsofaffin tayoyi, can kusa da wurin aikinsu. Gahawa suke ce masa, wato gidan shan kofi, don kada kunne ya ji. A can wani ke sayar da aragi, barasar nan da ake dafawa a ɓoye a ɗura a robar ruwa. Ma'aikatan dare idan sun tashi, nan wasunsu ke ratsewa kafin su nufi gida. Yayana na cikinsu.

To amma shi kaɗai ne mashayi a Ammariyya? Haba! Har cikin masu karanta wannan suna tsaki akwai su. Sukan sha bayan isha'i a ɗaki a kulle, su tauna kanumfari, su kwanta, gari ya waye su fito da farar jallabiya fes, a gaishe su hannu bibbiyu, har a ba su 'ya'ya aure. Dare rigar mugu. Shi Yaya ba shi da wannan rigar, kamfani ya saye daren nasa. Hantsi ne magaribarsa. Lokacin da mata ke raka yara makaranta, masu shaguna na ɗaga ƙofa, shi kuma lokacin yake shigowa lungu, ido jajur, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya kan ƙwai. Ba ya zagin kowa, ba ya faɗuwa. Warin ne kawai ke riga shi isowa.

A lungunmu akwai tabarmar safe. Bayan sallar asuba maza kan zauna a ƙofar shagon Baffa Sale, dattijon da ya girmi kowa cikin 'yan garinmu, a ajiye tire ɗaya na ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis da butar shayi. Al'adar ita ce duk wanda ya gifta, baƙo ne ko ɗan gida, mai takardar zama ta iƙama ne ko marar ita, sai an ce masa bismillah. Ko ɗan shara ba a bari ya wuce. Wata safiya Yaya ya zo giftawa ya yi sallama, aka amsa a ciki-ciki, kowa ya sunkuyar da kai kan tire. Ya ɗan tsaya. Babu wanda ya ce bismillah. Ya wuce gida.

Daga baya na ji abin da Baffa Sale ya faɗa a wurin: "Wanda ya sha da dare, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Wanda ya sha da safe, mu ya raina."

Wallahi wannan magana ta fi bulala ciwo. Sun ce horo ne, idan ya ji zafin shariya zai bari. Ina! Mutumin da ya kwana cikin ƙanƙara, ya fito yana neman inda za a kira sunansa, kun rufe masa tabarma, ina kuke so ya je? Wuri ɗaya ya rage a duk faɗin Jidda da ake masa maraba da safe. Da can yakan ɗan taɓa ya taho da wuri don ya tarar da shayin Baffa Sale da zafinsa. Da aka daina kiransa, sai ya daina sauri.

Kwanan baya wani ɗan ƙanwar mijina ya raka mai gidansa ƙasar Turai, ya dawo yana ba da labari a falona a unguwar Safa, inda muka koma da zama. Ya ce a filin jirginsu ya ga mashaya a buɗe rana ba ta fito ba, maza da mata zaune da kofuna, ko a jikinsu. Falo ya kaure. Wannan ya ce ai su ba su da kunya. Wancan ya ce a'a, ko a can ma mai shan safe ba a ɗaukarsa cikakken mutum. Aka yi ta ja, aka yi dariya, aka tsaya a kan cewa na dare ɗan shaƙatawa ne mai neman shiriya, na safe kuwa ya gama lalacewa, a shafa masa fatiha. Babu wanda ya tambayi abin da ke kai mutum can da safen. Na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Nakan ce da Yaya zai leƙo ya ga Jiddar yau, me zai ce? Zai ga gidajen kofi na gaskiya a kowace kwana, samari zaune da sassafe. Zai ga unguwannin da ya sani an rushe wasu, an watsa mutanensu. Zai gan ni riƙe da sitiyari, na san kuma abin da zai faɗa: "Uwar tsiwa da mota? To Allah ya tsare fitilun titi." Zai yi dariya har ya riƙe ciki. Amma da zai bi ta gaban tabarmar mazanmu da hantsi, zai tarar idon nan yana nan yadda ya bar shi. Abin da ya ƙaru kawai waya ce a hannun kowa, mai ɗaukar hoton mutum ta kai shi Sinnar kafin ya kai ƙofar gidansa.

Ranar da abin ya faru, abokan aikinsa ne suka kawo shi da safe, yana amai, yana cewa ba ya gani sosai, kamar an rufa masa farin ƙyalle a ido. Ashe abin da ya sha jiya da safe gurɓatacce ne, mai dafawar ya haɗa da guba. Matarsa Sa'adiyya ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti. Baffa Sale da wasu dattawa biyu suka shigo suka hana. Suka ce maye ne kawai. Suka ce idan likita ya ji wari zai kira hukuma, a kama shi, kafili, ubangidan da ya tsaya masa, ya ji, iƙama ta mutu, a yi musu tarhil, a tisa ƙeyarsu Sudan shi da mata da yara. Suka ce asirinmu ɗaya ne. Aka ɗura masa madara, aka matsa lemon tsami, aka dafa kofi mai ɗaci, aka rufe shi da bargo aka ce barci zai warware shi.

Ba mugunta ce ta sa su ba, wannan shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Mutanen da suka hana shi lomar ful su ne suka tsaya a kansa suna gumi suna kare shi daga hukuma. A ganinsu taimako suke yi. Haka muka iya: mu ƙi mutum a fili, mu rufa masa asiri a ɗaki.

Sai bayan la'asar aka kira ni. Na zo na tarar numfashinsa na fita da ƙyar, ana kiransa ba ya amsawa. Na yi ihun da ya tara unguwa, aka sa shi a mota. Likitan bai kira kowa ba, bai tambayi takarda ba sai daga baya. Tambaya ɗaya ya yi mana: me ya hana ku kawo shi tun da safe? Kashegari aka yi masa salla. Sahu ya cika maƙil, aka ce wa masu zuwa gaisuwa ciwon zuciya ne.

Muntasir yana makaranta ranar. Yanzu saurayi ne, ya haura ashirin, a nan aka haife shi, Hausa yana jinta sarai amma Larabci ya fi zuwa masa baki. Uwarsa ta yi aure a Makka, shi ya zauna a ɗakin uban a Ammariyya. Aikin da ya samu, ikon Allah, na dare ne, a Madinar Masana'antu. Wata uku da suka wuce na kai masa abinci da hantsi, ya rungume ni, na ji warin. An rushe tsohon siton tayoyin, amma wani ɗakin ya buɗe a wani wurin. Na bincika na ji tuni maganar ta zaga: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An fara kiransa da sunan da aka laƙa wa uban, mashayin safe. An kuma daina ce masa bismillah.

Na je na samu Baffa Sale. Ya tsufa ƙwarai, 'ya'yansa ke riƙe da shagon, amma tabarmar tana nan. Na durƙusa har ƙasa, ni da ba na durƙusa wa kowa.

Na ce, "Baffa, don girman Allah ku kira yaron nan ya zauna da ku. Ku yi masa faɗa, ku zage shi ma, amma ku yi shi a kan tire."

Ya ce, "'Yata, idan muka kira shi da warin nan a bakinsa, me za mu ce wa sauran yara?"

Na ce, "Me kuka ce musu ranar da kuka ɗauko gawar ubansa?"

Hawaye na gani a gemunsa, amma har yau ba a kira Muntasir ba.

Shi ya sa na kawo kukana nan. Mutanenmu na Ammariyya, da na Safa, da duk inda rusau ya jefa ku, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ban ce ku yaba masa ba. Cewa na yi idan kun gan shi da hantsi yana taka ƙasa a hankali, ku kama hannunsa ku zaunar da shi. Idan kuma wani, kowane ne, ya ce muku idonsa ya yi fari bayan ya sha abin nan, kada ku nemi madara, kada ku nemi dattijo. Ku kai shi asibiti a lokacin. Akwai wuraren da ake taimakon masu son bari, na nemo, na kai Muntasir har ƙofa, ya ƙi fita daga mota. Ni mace ce, gwaggonsa, yana jin kunyata amma ba ya jin maganata. Maza yake bukata, irin waɗanda suka san ubansa.

Me ya rage na Yaya Ɗahiru bayan shekara goma sha ɗaya? Fankokin da ya gyara sun mutu. Masu tuna barkwancinsa sun yi kaɗan, masu tuna warin sun fi yawa. Kabarinsa ma ba zan iya nuna shi ba. Abin da ya rage mai rai guda ɗaya ne, yana da yatsun uban da dariyar uban, yana kuma kwance a ɗakin nan da aka lulluɓe uban da bargo.

Shekaranjiya na je na jira shi a ƙofa har ya dawo. Na ce masa, "Muntasir, ka ji da kyau. Ranar da na ji ka ce ba ka gani, ni da hannuna zan kira motar asibiti. In hukuma ce ta zo, ta zo."

Ya ce, "Halas, ya isa haka, ya Gwaggo. Su kai ni Sudan? Ana yaƙi. Ni ban san kowa can ba, wallahi ko hanya ban sani ba."

Na ce, "Gara in yi kukan kana nesa da in yi kukan kana ƙasa."

Ya shige ya kwanta da takalminsa. Ban koma Safa ba. Na jawo kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin, ina sauraron numfashinsa har aka kira azahar.