Ranar da Muka Ba Motar Kawu Rubutu

Kawuna yana da wata a-kori-kura da ta girme ni, in kuma ka bi ta bakin mutanen garinmu, ta girmi Kusada ma. A soja ya koyi tuƙi, da ya dawo ya saye ta a hannun wani ɗan kwangila. Ban da ranar hutunta, kullum tana kan hanya tsakanin ƙauyenmu na gefen Mawashi da Kankia, buhunan gyaɗa a ƙasa, mutane a kan buhuna, kaji a kan mutane. Ita kaɗai ce mota a duk yankinmu, don haka ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ce kuma ta asibiti.

Damuwar Kawu ɗaya ce, motar ba ta da ƙarfi. Akwai wani rafi mai yashi a hanya, duk ranar duniya sai an sauka an tura kafin ta hau gaɓarsa. Na taɓa ganin wani tsoho a kan jaki ya wuce mu a wurin, ya je ya ci kasuwa, ya dawo ya sake yi mana sannu. Amma abin da ya fi ƙona wa Kawu rai shi ne ranar da motar Di'o ta wuce shi, direban ya leƙo yana tambaya ko a aiko masa da shanu.

Da kakar bara sai ya kai ta wurin wani bakanike a Kankia, ta kwana biyu. Ya dawo da la'asar yana ta taka totur, duk awakin gari suka shige cikin dawa. A ƙofar gida ya yi wa maza bayani: an sake filogi, an buɗe wa kafireta hanyar mai, an ɗan matso da wuta gaba. Babban ciwon kuwa, in ji bakanike, iska ce ke shiga mata ta wani tsagi, shi ya sa take shaƙewa a kan hawa.

Ni na kai wannan labari cikin gida, kuma a hanya ya yi ƙiba.

Iya, kakarmu, mahaifiyar Kawu, ita ke riƙonmu ni da ƙanwata tun muna ƙanana. Tsakanina da ita kullum tsokana ce, tana kirana maigida, ina ce mata amarya. Na same ta tana tace gasara, na gyara fuska na ce mata an gano ciwon motar Kawu, iska ce ta shige ta. Na san sarai iskar da bakanike ke nufi, wadda muke shaƙa ce. Na kuma san iskar da Iya za ta ji. Sai na ƙara da cewa a gindin tsamiyar rafi ta kamu, kuma bakanike ya ji muryar mace tana magana daga cikin inji.

Iya ta yi salati. Ta ce dama ta daɗe tana zargi, domin abin da ke tari ba mura, yana kuma tsayawa wuri ɗaya kullum, ba lafiya ba. Da magariba ta je wurin malamin unguwarmu ta karɓo rubutu cikin gora, ta ce masa na wata mai fama da iska ne. Bai tambayi wace ce ba.

Da sassafe, bayan Kawu ya tafi gona don ranar hutun mota ce, ta ja ni gefe.

"Maigida, ina bakinta yake?"

Na nuna mata murfin tankin mai. Ni na buɗe mata da hannuna. Ta yi bisimilla ta juye goran nan kaf, tana lallashin motar ta daure ta shanye. Na gudu bayan rumbu na yi dariya har na faɗi. A raina na ce anjima zan gaya wa Kawu, sai kuma na manta.

Da hantsi aka shigo da ƙanwata a kafaɗa. Tana roron gyaɗa ta taka kububuwa. Shekararta bakwai, ƙafarta ba ta fi muciya kauri ba, amma kafin a ɗaure ta da tsumma ta fara kumbura. Kowa ya san akwai allura a wurin disfensa a Kankia, kowa kuma ya san ba a jira da kububuwa. Kawu ya zo a guje, ya sa ƙarfen wana inji, bugu ɗaya mota ta tashi. Iya ta hau baya ta rungume yarinyar, ni na zauna ina riƙe da ƙafar.

Motar ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba. Har na fara cewa a raina ashe rubutun ya karɓe ta. Muna gangarawa rafi sai ta yi tari. Ta sake yi. Ta yi wata irin shaƙuwa, ta mutu a tsakiyar yashi.

Babu kowa a wurin, ko tsohon nan mai jaki. Kawu ya ɗaga murfin inji yana zagin bakanike. Shi a ganinsa gyaran jiya ne ya ci amanarsa. Ya murɗa wani ɗan ƙusa a jikin kafireta hagu, ya wana, shiru. Ya murɗa dama, ya wana, ta ce fut ta yi shiru. Ya kwance filogi huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa yana gogewa da bakin riga. Ya mayar da wutar inda take da. Duk abin da ya kwana yana alfahari da shi, sai da ya warware shi da hannunsa, gumi na ɗiga a kan ƙarfe yana cewa cuu.

Ni ina baya, na san inda ciwon yake, bakina ya ƙi buɗuwa. Ina tunanin bel ɗin soja da ke rataye a ɗakin Kawu. Ina kuma tunanin Iya, wadda za ta ji cewa da hannunta ta yi.

Kumburin ya wuce gwiwa. Ƙanwata ta daina kuka, wannan ya fi kukan ban tsoro. Ta ce mini tana jin gishiri a baki. Da ta buɗe, na ga jini a dasashinta. Iya ta goge da gefen zane, tana ta addu'a, can ta ɗaga murya ta ce wa Kawu ya yi haƙuri, iskar ce ke gardama, amma ai an ba ta magani da safe, yanzu za ta fita.

Ƙarar sifana ta tsaya.

"Wane magani, Iya?"

Iya ta dube ni. Na sauko, na je gabansa na durƙusa a yashi mai zafi.

"Kawu, rubutu ne a tanki. Gora guda. Ni na ce mata aljana ce, ni na nuna mata wurin."

Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba. Da na buɗe, ya riga ya sunkuya yana duba wata 'yar kwalba da ke ƙarƙashin famfon mai, wadda fetur ke bi ta ciki. Ga shi nan ƙarara, rabinta baƙin ruwan tawada, fetur na yawo a samansa. Ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, ruwa ya fi mai nauyi, yana kwance a gindin tanki, shi famfo ke zuƙa. Ba mu da wani fetur sai wannan. In aka zubar, mun zauna.

Iya ce ta yi magana. Ta tambaya, wato shi ruwan kwanciya yake yi a ƙasa, man ya taso sama? Kawu ya ce haka ne. Ta kwantar da ƙanwata a kan shimfiɗar buhu, ta zubar da ruwan shan da ke cikin ƙwaryarta, ta ce a tsiyayo mata.

Kawu ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance ƙusar tanki, na tara ƙwarya. Iya ta karɓa ta ajiye a kan yashi, ta hana kowa motsi. Ban taɓa ganin lokaci mai tsawo kamar wannan ba, ina jin na tsufa na yi furfura na dawo. Da baƙin ya kwanta, ta karkata ƙwaryar a hankali, yadda take tsiyaye ruwa daga kan gasara kowace safiya, sai dai yau na saman ake so. Hannunta da ke rawa in za ta sa zare a allura, ranar ko gezau. Sau uku muka yi, muka sami rabin gwangwanin da Kawu ke zuba wa lagireto ruwa da shi, bayan ya goge shi tas da hularsa.

Bai yarda da tankin ba kuma. Ya wanke kafireta, ya sa mata tiyo, ɗaya bakin a cikin gwangwani, ya zuƙa da baki har mai ya taho. Ya ce in hau kan madigadi, ƙarfen da ke saman taya, in ɗaga gwangwanin sama da kaina, in na bari ya sauko ko ya zube, to ni na sani.

Da ya wana karo na uku ta tashi. Ba fasinja, ba buhuna, ta haye gaɓar rafi ba turi, karo na farko a rayuwarta, kuma babu wanda ya yi murna. Daga nan har Kankia ina manne da mota da hannu ɗaya, ɗayan a sama. Fetur na gangarowa ta hammata, ƙaya na zane mini ƙafa, kafaɗata ta mutu tun a rabin hanya. Ina jin Iya a baya tana kiran sunan ƙanwata, tana sa ta amsawa. Wani lokaci ta amsa, wani lokaci shiru.

Mun tarar da disfensa zai rufe ya tafi azahar. Ya dubi ƙafar, ya dubi bakinta, ya shige da ita. Hannuna ya ƙi saukowa, sai da Kawu ya kama ya lanƙwasa mini shi.

Kwananta shida a can. A rana ta uku ta nemi fura, ta sha, ta ce wai wa ke warin mota a nan.

Kawu bai taɓa ni ba har yau, bai kuma sake yi mini bayanin inji ba. Iya kuwa ta yi wata guda ba ta kira ni maigida ba. Ƙwaryar nan an wanke ta da toka, an shanya, an sake wankewa, warin fetur ya ƙi fita. Ba ta yar ba. A cikinta take zuba mini koko kowace safiya, ni kuma ina shanyewa.